Kurakuran da aka fi yi wajen gina ɗakin wankan gawa da wurin jana'iza

A da, idan mutum ya cika, a gidansa ake yi masa komai. A kewaye wani gefe na tsakar gida da zana ko tabarma, ko a shiga banɗaki, a yi wanka, a sa likkafani, a fito da makara ta zaure, a sallace shi a ƙofar gida. Har yau haka ake yi a ƙauyuka da tsofaffin unguwanni, kuma babu aibi a ciki. Sai dai zama ya sauya. Mai haya a ɗaki ɗaya cikin gidan da iyali takwas ke raba banɗaki guda, ko wanda ke zaune a bene hawa na uku a Abuja, ko ɗan kasuwar da ajali ya riska a Agege ta Legas ko Nima ta birnin Accra ba shi da kowa kusa, ko matafiyin da haɗarin mota ya rutsa da shi, duk waɗannan ba su da tsakar gidan da za a kewaye. Shi ya sa kwamitocin masallatai da masu hannu da shuni suka fara gina ɗakin wankan gawa a jikin masallaci ko a bakin maƙabarta. Aikin alheri ne babba, Allah Ya saka musu.

A Amurka da Ingila kamfanoni ne ke wannan hidima, da babban gini mai zauren baƙi da ɗakin nuna akwatuna da ɗakin yi wa gawa allurar hana ruɓewa. Mafi yawan wannan ba buƙatarmu ba ne, domin mu an umarce mu da gaggauta jana'iza. Buƙatarmu ƙarama ce, amma sau da yawa ko ita ba a cika ta, kuma dalili ɗaya ne ke maimaita kansa: ana zana ɗakin ba tare da an zauna da masu wankan ba. Attajiri ya ba da kuɗi, kwamiti ya nuna wuri, birkila ya ɗora bulo, sai ranar gawa ta farko a gane abin da aka yi. Dattijon da ya shekara yana wanke mazan unguwa, da gwaggon da ake aikawa a taso in mace ta rasu, su ne suka san inda ƙafa ke tsayawa da inda ruwa ke bi. Su ya kamata a fara kira, kafin mai zanen gini.

Wurin da aka ba ɗakin

Yawanci ragowar fili ake ba shi: lungun da ke tsakanin banɗakunan masallaci da katanga, wanda aka rasa abin da za a yi da shi. Daga nan matsala take farawa, domin makara ba ta lanƙwasa. Tsawonta ya kai mita 2 ko fiye, mutum huɗu aƙalla ke riƙe da ita, biyu ta kowane gefe. Idan ƙofa irin ta ɗakin kwana ce mai faɗin santimita 80 ko 90, ko kuma akwai kwana mai kaifi a cikin siririn lungu, dole a karkata makarar ko a sauke mamaci a rungumo shi a hannu, jama'a na kallo. Wannan tozarci ne da ba wanda ya nufa, amma ginin ne ya tilasta shi.

Gyaransa ba ya cin kuɗi in an yi shi da wuri. Kafin a haƙa harsashi, a zana ɗakin da hanyarsa a ƙasa da toka, a ɗauko makarar masallacin, mutum huɗu su bi da ita tun daga inda mota za ta tsaya har kan teburin wanka, daga nan zuwa inda za a yi salla. Duk inda suka taka layin toka, nan gini zai tare su. Tun ran gini tun ran zane. Ƙofa kada ta gaza mita 1.2, in da hali a yi mai ɓangare biyu da ta kai mita 1.5. Matakala kuma a bar ta, a yi gangare mai sauƙi, wanda kowane santimita 10 na tsayi zai sami aƙalla santimita 120 na tsawo, saboda gadon asibiti mai taya da kuma tsofaffin da ke ɗauka. Mota ta iya matsowa da baya har bakin ƙofa, a ƙarƙashin rumfa, yadda za a sauke gawa ba a idon masu wucewa ba.

Sai batun mata, wanda shi ne aka fi mantawa da shi gaba ɗaya. Mace mata ne ke wanke ta, ko mijinta. Idan hanyar ɗakin ta ratsa ta wurin alwalar maza ko ta gaban sahu, matan da za su yi wankan ba za su saki jiki su zo ba, iyalai kuma za su gwammace su ci gaba da fama a matsattsen banɗakin gidan haya. A yi musu ƙofa ta gefensu, da ɗan ɗakin zama mai benci da makewayi, inda uwa ko 'ya za ta zauna ta yi kukanta a sitirce. Ɗakin da rabin al'umma ba sa iya shiga bai gama ginuwa ba.

Teburin wanka

Abin da aka fi gani shi ne dakalin siminti manne da bango. Magini ya ga kamar ya yi tattalin wuri, alhali ya ɗaure hannun masu aiki. Wankan gawa juyawa ake yi: a wanke tsagin dama, a juya a wanke na hagu, wani na zuba ruwa, wani na cuɗawa, wani na riƙe da mayafin da ke rufe al'aura. Dole a sami mutane ta gefe biyu. Teburi a tsakiyar ɗaki yake zama, da sararin mita 1 aƙalla ta kowane gefe da ta wajen kai. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 zai ɗauki wannan ba tare da gogayya ba.

Tsayin teburin ya zo daidai ƙugu, wajen santimita 80 zuwa 85. Wanda ya yi ƙasa yana karya bayan masu wanka, waɗanda galibinsu manya ne, wanda ya yi sama kuma yana wahalar da ɗora mamaci mai jiki. Tsawonsa ya ɗan haura mita 2. Katako ba ya dacewa, komai kyansa, domin yana shan ruwa da jini, kuma ba ya wankuwa har ciki. Baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti zai yi tsatsa cikin ɗan lokaci. Farin ƙarfe marar tsatsa, irin na kwanon wanke-wanke, shi ne ya fi, kuma masu walda da suka iya aikinsa suna nan a manyan garuruwa. In kuɗi bai kai ba, a yi na kankare a lulluɓe shi da manyan tayil masu santsi, a cike tsakaninsu da kyau.

Abu biyu kada a manta a jikinsa. Na farko, ya ɗan gangara zuwa wajen ƙafa, da ɗan leɓe a kewaye, da ramin fitar ruwa a ƙarshen ƙafar wanda bututu ya kama kai tsaye. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan suka tashi da ita, an ce a matsa cikin mamaci a hankali lokacin wanka. Abin da ya fito bai kamata ya koma wajen kai ba, bai kuma kamata ya zubo kan ƙafafun masu wanka ba. Na biyu, a sa ƙarafa a gefe waɗanda za a ɗaura mayafi a kai, ya tsaya kamar rumfa a kan jiki, hannu na aiki a ƙarƙashi. Wannan ɗan ƙarfen yana kare suturar mamaci fiye da mutum biyu masu riƙon zane da hannayensu suka gaji.

Likkafani kuma kada a shimfiɗa shi a inda aka yi wanka. A ware busasshen gefe da wani teburi daban, da kabad mai rufi na ajiye alawayyo, almakashi, auduga, kafur, garin magarya da turare. Yadin da aka bari a buɗe a ɗaki mai laima zai yi fumfuna, gara da ɓera kuma ba sa barinsa.

Inda ruwan ke tafiya

Nan ne na fi jin zafi, domin cutarwar tana fita daga ɗakin ta shiga unguwa. Sau da yawa bututun ruwan wankan gawa ana haɗa shi da na alwala, dukansu su faɗa lambatun bakin titi, inda yara ke tsallakawa, awaki na sha, mai shayi na wanke kofi a kusa. Gawa a kan kanta ba abin tsoro ba ce, yawancin mamata ba sa ɗauke da abin da zai kama mai rai. Amma ba kowa ne aka san abin da ya kashe shi ba. Wanda amai da gudawa ya kashe, ruwan da ya fita daga cikinsa cike yake da ƙwayar cutar. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 a busasshen jini a kan daɓe ko teburi.

Ruwan ɗakin nan ya bi bututunsa shi kaɗai, mai faɗin inci 4, a rufe, ya shiga rufaffen ramin kankare, daga nan ya wuce sokawe. Tsakanin sokawen da kowace rijiya ko rijiyar burtsatse a bar aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangaren ƙasa, ba ta saman rijiyar ba. Masallatai da yawa suna da rijiya a harabarsu, wadda maƙwabta ke ɗiba su sha. In filin bai ba da wannan tazarar ba, gara a nemi wani wuri, ko a yi rufaffen rami marar tsiyaya wanda mota za ta riƙa zuwa tana kwashewa.

Daɓen ɗakin shi ma ya gangara zuwa magudana guda, kimanin santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Kafin a biya mai tayil, a kwara bokitin ruwa a kowace kusurwa a ga inda ya nufa. A ƙasa a sa tayil mai kaushi, domin mai sheƙi in ya haɗu da sabulu yana kayar da mutum, kuma faɗuwar mai riƙe da gawa ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Mai sheƙin a kai shi bango, har sama da tsayin mutum. A bakin magudana a sa raga da murfin da ke riƙe ruwa, don kada wari da kyankyasai su dawo ta ciki.

Ruwan shigowa kuma, a ba ɗakin tankinsa na kansa. Idan da tankin alwala ya dogara, ranar Juma'a bayan an sauko za a tarar babu ɗigo. A sa tiyo mai laushin zuba, ba mai ƙarfin wankin mota ba, da wurin ajiye manyan robobi uku: na zallan ruwa, na magarya, da na kafur wanda ake ƙarasawa da shi. A tanadi hanyar ɗumama ruwa, ko da risho ne a waje, saboda hunturun Jos da Zariya da Funtuwa. Malamanmu sun halatta wanka da ruwan ɗumi, kuma hannun tsoho ba ya iya aiki da ruwan da ya kwana a tanki a watan Janairu. Wurin wanke hannu ya zama daban da na wankan, kusa da ƙofar fita, da sabulu a kai kullum.

Iska, haske da idon mutane

Masu gini sukan faɗa ɗaya daga cikin biyu. Ko su toshe ɗakin ruf saboda sirri, ya zama ba ya shaƙar iska, ko su sa taga a daidai tsayin ido, yaran Islamiyya su riƙa leƙe. Tagogi a kai su can sama, sama da mita 2, a bango biyu masu fuskantar juna, da gilashi marar nuna ciki da ragar sauro. A kuma tsaya a duba benen maƙwabta, a ga me ake hangowa daga can. Kyamarar tsaro in za a sa, ta tsaya a ƙofar waje. Waya ma a ajiye ta a bakin ƙofa. Abin da mai wanka ya gani amana ce, kuma gini ya kamata ya taimaka masa ya riƙe ta.

Fankar sama ba ta fitar da iska, juya ta kawai take yi a cikin ɗaki, haka ma na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango. Abin da ake so fanka mai zuƙe iska ta fitar waje, a bangon da ke wajen ƙafar teburi, yadda iska mai kyau za ta shigo ta bayan masu wanka ta wuce kan gawa ta fice. Bakin fitarta kada ya kalli wurin alwala ko tagar aji. Wannan ya fi muhimmanci ga gawar da ta kwana a mutuware ko aka kawo daga ƙasar waje, domin sau da yawa an yi mata allurar fomalin, sinadarin hana ruɓewa mai yaji a ido da maƙogwaro, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 2004.

Mutuwa ba ta jiran a kawo wuta. Wanka da yawa cikin dare ake yinsa ko kafin asuba. Ƙwai biyu masu haske a saman teburi, a kan sola da batir, sun wadatar. Soket kuma a ɗaga shi sama, nesa da inda ruwa ke fantsama.

Firij na ajiye gawa ba kowane masallaci ne ke buƙatarsa ba, kuma an sha sayensa don ganin ido ya zama kabad. Yana aiki ne a sanyin digiri 2 zuwa 4, dare da rana, ba yankewa. In babu wutar da za ta riƙe shi, rufaffen akwati ne kawai a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40. Firizar ƙanƙara kuma tana sandarar da jiki, sai an jira ya saki kafin a iya wanka. Ya fi kyau unguwanni da yawa su haɗa ƙarfi su yi guda ɗaya mai ingantacciyar sola a babban masallaci ko maƙabarta, don baƙon da ake neman danginsa da gawar da hukuma ta ce a dakata da ita.

Lafiyar masu wanka

Mutanen nan yawanci don Allah suke yi, kuma su ne aka fi bari ba kariya. A ƙofar ɗakin a sa kabad na safar hannu, takunkumi, rigar leda da dogon takalmin roba, da kwandon shara mai murfi wanda za a ƙona abin cikinsa. A wanke teburi da daɓe bayan kowace gawa da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. In kwalbar ta nuna kashi 3.5, awo 1 na bilic ake haɗawa da awo 6 na ruwa, a haɗa sabo kowace rana, a ɗauraye ƙarfen daga baya don kada ya ci shi. Kwamiti ya kai masu wankansa, maza da mata, a yi musu rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura 3 ce.

Akwai kuma gawar da bai kamata a shigo da ita ɗakin ba sam. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, yana tashi kusan kowane rani. A annobar Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo, wankan gawa da taɓa ta na cikin manyan hanyoyin da cutar ta bi ta cinye iyalai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna da malaman addini aka fitar da tsarin binnewa wanda ya sa taimama a madadin wanka ga Musulmi. Idan mamaci ya yi zazzaɓi mai zafi da zubar jini, ko mutane da dama sun kwanta a gida ɗaya, a dakata a kira jami'in lafiya na ƙaramar hukuma. A Najeriya lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, ita ce 6232. A rubuta wannan da manyan baƙi, da boko da ajami, a manna a ƙofa, domin a lokacin ruɗewa ba wanda ke tuna abin da aka faɗa a taro.

Filin salla

A mazhabar Malikiyya an karhanta shigar da gawa cikin masallaci don yi mata salla, ko da yake wasu mazhabobin sun halatta, kuma a Makka da Madina ciki ake yi. Tun da yawancin jama'armu a waje suke yi, to a ware filin tun farko, kada ya zama titi ake tarewa. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, sahu na iya matsowa kusa da juna, don haka ƙaramin fili yana ɗaukar jama'a da yawa. A ba shi inuwa, rumfar kwano ko itatuwan darbejiya, a kuma auna alƙibla da gaske. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa, wato ta karkata arewa da tsantsar gabas da kusan digiri 22, kuma katangar fili ba lallai ta bi ta ba. Hanyar makara daga ɗakin wanka ta ɓullo ta gaban liman, ba ta keta sahu ba.

In a maƙabarta ake ginin, a lura da ruwan ƙasa. Shawarar da ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayar a 1998 ita ce kabari ya nisanci rijiyar sha da mita 250, ƙasansa kuma ya tsaya aƙalla mita 1 sama da inda ruwa ke kaiwa da damina. Rijiyar da aka haƙa cikin maƙabarta don kwaɓa ƙasa a rubuta a jikinta cewa ba ta sha ba ce. A yi ɗan sito na diga, shebur da itacen rufi, mai makulli.

Makullin ɗakin wankan kansa kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya. Ladan ya riƙe ɗaya, shugabar matan da ke wanka ta riƙe ɗaya, na uku wurin mai unguwa ko 'yan agaji. A ajiye littafi a ciki: sunan mamaci, ranar da aka kawo shi, daga ina, wa ya kawo, su wa suka wanke. Shi zai taimaka in dangi sun zo cigiya daga baya, ko in jami'an lafiya suna bin sawun wata cuta, ko wajen karɓar takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kuma tun ranar da ake tara kuɗin gini a ware na tafiyarwa: safar hannu, bilic, sabulu, likkafanin wanda ba shi da hali, kwashe rami, sauya batir, da ɗan alawus na wanda zai riƙa share ɗakin kowane mako ko an kawo gawa ko ba a kawo ba. Kwamiti ya sa wannan cikin lissafin wata-wata na masallaci, a karanta shi gaban jama'a tare da kuɗin man janareta da na tabarmi.